Mutum Uku da Ƙafa Ɗaya

Ku gafarce ni tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, kuma na san akwai tazara tsakanin mai cin burodi da mai gasa shi. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba. Ko a aji, in malama ta kira sunana na amsa, sai ta yi ta waige-waige kafin ta gano inda muryar ta fito. Da akwai wanda zai ba da labarin nan yadda ya faru, da na bar masa. To amma in mahaifina ya ba da shi, shi ne jarumi. In maƙwabcinmu ya ba da shi, shi ne jarumi. Mahaifiyata kuwa ta ce wannan ba labari ba ne, hawan jini ne. Shi ya sa ya faɗo hannuna.

Sunana Teuta, ban daɗe da cika shekara sha takwas ba. Mu Albaniyawa ne, muna haya a hawan ƙasa na wani tsohon bene kusa da layin dogo, a wani ƙaramin gari na arewacin Italiya. Babi, wato mahaifina Petrit, mai yi wa bango filasta ne. Mami, Lume, ita ke kula da Sinyora Nerina, tsohuwar da ta mallaki benen, wadda ke zaune can sama a ɗakuna masu yawa, daga ita sai kyanwarta Baroni. Sai ƙanwata Rudina mai shekara shida. A ƙauyenmu can Albaniya aka haife ta, aka bar ta wurin Kaka tana jaririya don Mami ta dawo bakin aiki. Bara Kaka ta rasu. Babi ya je jana'iza, ya dawo da Rudina da buhun busasshen shayin dutse.

Tarin ba da shi ta zo ba, a nan ta same shi. Bangonmu in sanyi ya shigo gumi yake yi, baƙar funfuna ta yi masa zane kamar taswirar ƙasar da ba a gano ba tukuna. Rudina ta fara tari, daga baya ƙirjinta ya koyi fito. Ni ce muke gado ɗaya da ita, don haka ni na fi kowa sanin fiton nan. Akwai ƙarami mai wucewa da kansa, akwai kuma siriri, wanda in ya zo sai ta daina magana, kafaɗunta su riƙa hawa suna sauka.

Duk lokacin da siririn ya zo, sai mu ruga sashen gaggawa. A ɗora mata abin shaƙar tururi a fuska, ta dawo daidai, likita ya ce asma ce, tana bukatar likitan yara na kanta wanda zai riƙa bin ta, ya rubuta mata abin shaƙa na kullum. Muka je ofishin lafiya neman likitan yara. Matar da ke bayan gilashi ta ce sai da katin lafiya. Katin kuwa sai sunan Rudina ya shiga takardar zaman Babi. A ofishin baƙi suka ce da murna za su saka, amma sai an kawo shaida cewa gidanmu ya ishi mutum huɗu. Wato dai, kafin a duba ƙirjin yarinya, sai an fara duba lafiyar falo.

Haka mai awo ya zo mana karon farko. Sinyor Ottorino sunansa, dogo ne mai sanƙo, da idanun mutumin da bai taɓa jin labari mai daɗi ba. Ya ƙi kofi, ya ƙi kujera. Ya ja tef ɗinsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ba ni bakin tef ɗin in riƙe ba tare da ya dube ni ba, kamar yadda ake maƙala shi a ƙusa.

"Gidan nan ya ishi mutum uku," in ji shi. Ya sake duba lissafinsa. "Da ɗan wani abu."

"Ɗan wani abu kamar me, Sinyor?" in ji Babi.

"Kamar ƙafa ɗaya."

Rudina ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya kamar zalɓe, tana jiran a yaba mata.

"Haba, Sinyor!" in ji Babi. "Dubi yarinyar nan fa. Ba ta kai rabin buhun siminti ba. A aljihun kwat ɗina ma za ta iya kwana ta miƙe ƙafa."

"Doka ba ta san ƙaramin mutum ba. Ko ku ƙara gida, ko ku rage mutum." Ya naɗe tef ɗinsa, ya ce in mun gyara mu sake nema.

Ina jin a nan ya kamata in yi bayanin kyanwa, ko da yake ban tabbata masu rubutu na gaske suna katse labari saboda kyanwa ba. Baroni shi ma asma gare shi. Yana da ɗan littafin lafiya mai hotonsa, da likita da ke zuwa har gida, da abin shaƙa mai ɗan mazurari daidai hancinsa. Sunansa na jikin ƙararrawar ƙofar bene, ƙarƙashin na Sinyora. Ranar da likitan dabbobin ta zo, Mami ta wanke Rudina tas, ta kai ta sama, ta zaunar da ita a kan kujera kusa da kyanwar.

"Dottoresa, tunda abin sauraron ƙirjin yana kunnenki," in ji Mami, "ki ɗan matso da shi hagu kaɗan mana."

Matar ta matso da shi. Ta saurara, fuskarta ta sauya. Ta ce yarinyar nan ta fi kyanwar shan wuya, a kai ta wurin likitanta gobe-gobe. Mami ta yi godiya, ta rako ta har ƙofa. Da muke saukowa Rudina ta ja hannuna.

"Teuta, ni in na girma kyanwa zan zama."

A makon ne Babi ya yanke shawarar ƙara gida. Mutumin da ke wuni yana ƙara wa bangon Italiyawa kauri, ya dawo ya zauna yana kallon namu, yana taɓa shi da yatsa kamar mai sayen rago.

"Lume, kin san filastar da ke bangon nan ta kai kaurin tafin hannuna? Waɗanda suka yaɓa ta ba su san darajar fili ba. In na kankare ta a kowane bango, ɗaki zai buɗe."

"Kanka ne zai buɗe," in ji Mami. "Petrit, ka ajiye gudumar nan."

"Farfesa, zo ki yi min lissafi." Haka yake kirana in yana son wani abu.

Na yi lissafin. Na gaya masa a hankali cewa ko ya kankare har bulo, abin da zai samu bai wuce gwiwa ba, a ɗora a kan ƙafar da muke da ita.

"To ai ci gaba ne," in ji shi. "Daga gwiwa sai cinya."

Ya fara ranar Lahadi. Kafin azahar gidan ya yi fari fat, miyar wake ta yi ƙasa-ƙasa a baki, girar Mami ta yi furfura. Ni aka ba aikin fita da Rudina bakin layin dogo mu ƙirga taragu har ƙura ta lafa, amma ƙurar filasta ba ta lafawa, ɓuya take yi a cikin filo. A makon sau biyu muka je sashen gaggawa. Karo na biyu likitan ya tambaya ko akwai ƙura a gida. Babi ya ce akwai kaɗan, amma don lafiyarta ake yin ta.

Lahadin da ta biyo baya, yana cikin sara, aka buga ƙofa. Si Bushaib ne, maƙwabcinmu ɗan Maroko mai sayar da kayan miya a kasuwar Talata. Shi da Babi ba sa ga-maciji tun wata gardama a kan warin soyayyen kifi.

"Maƙwabci, lafiya kake cin bango?" in ji shi. "In yunwa ce, ina da dankali."

"Ka je ka kula da kifinka."

"Kifina ya mutu tun a teku, ba ya jin guduma. Ni nake ji."

Mami ce ta gaya masa dalili, don ta gaji. Si Bushaib ya dubi bango, ya dubi Rudina da ke leƙowa ta bayan siket ɗin Mami da tawul a hanci. Sai ya cire hularsa ya sosa kai.

"La ilaha illallahu. Kana nufin ba wanda ya gaya muku zancen ɗakin?"

Ya sa Babi ya kama gefen babban kabad ɗin da muka tarar a gidan, wanda ba mu taɓa motsawa ba don nauyi. Suka ja. A bayansa akwai ƙofa.

Tsohon ɗakin ajiye gawayi ne, tsakanin gidanmu da nasa, ƙofa ɗaya ta wajenmu, ɗaya ta wajensa, kowace da kabad a bakinta. Ba ya cikin hayar kowa. A ciki akwai ƙaramin gado, da 'yar tsana mai ido ɗaya, da wata katuwar darduma rataye a bango.

"Ɗakin aro ke nan," in ji Si Bushaib da ladabi, kamar yana gabatar da dattijo. "In mai awo zai zo maka, ka janye kabad ɗinka, ka rufe ƙofata da darduma, ɗaki ya zama naka har ya tafi. Ɗakin nan ya kawo matar wani ɗan Senegal, ya kawo 'ya'yan wasu 'yan Moldoba, ya kawo surukar wani ɗan Bangladesh da daga baya ya yi da-na-sani. Bai taɓa kwana da kowa ba. Sharaɗinsa biyu ne. A zaunar da mutum a ciki don ya yi warin mutane. Kuma ba a aronsa sau biyu rana ɗaya."

Babi ya rungume shi, ya bar masa tambarin filasta a riga. Si Bushaib ya ce shi ma ya nemi awo, don tagwayensa maza suna can gida wurin uwarsu, yana son ya kawo su duka, amma kada mu damu, ofis bai taɓa yin abu biyu a wata ɗaya ba.

Sai ga sanarwa ta zo wa gida biyun. Tunda bene ɗaya ne, don kada a ɓata man mota, mai awo zai duba mu duka ranar Alhamis da safe.

An yi taro a kicin ɗinmu. Si Bushaib ya kawo shayin na'a-na'a, Babi ya fito da raki, barasar ƙasarmu, ya sha shi kaɗai. Aka tsara cewa mu za a fara aunawa. In Sinyor Ottorino ya fita ya zaga ta baranda, Si Bushaib zai tsare shi da shayi, a lokacin a mayar da darduma ɗaya bangon, a sauya zanen gado, a ɓoye 'yar tsana a ajiye ƙwallo, a fito a mayar da kabad ɗinmu.

"Wa za a zaunar a ciki?" in ji Mami. "Ba dai Rudina ba, ɗakin nan ya fi namu danshi."

Suka yi ta tunani. Ina zaune a tsakiyarsu, gwiwata na taɓa ta Babi. Sai da aka jima Rudina ta ce, "Ga Teuta."

"Af!" in ji Babi. "Farfesa! Yaushe kika shigo?"

Ranar Alhamis na zauna a kan ƙaramin gadon da littafina. Sinyor Ottorino ya shigo gidanmu, ya dubi bangon da aka kankare, ya wuce. Da ya ga sabuwar ƙofa ya ɗan tsaya.

"Wancan karon ban ga wannan ɗakin ba."

"Mu ma ba mu gan shi ba, Sinyor," in ji Babi. "Gidan ne ke da kunya."

Ya shigo, ya ba ni bakin tef na riƙe, ya auna, ya rubuta. Ya ce yanzu kam gidan ya ishi mutum huɗu har da kare in muna so.

Yana fita aka hau aiki. Babi ya finciko dardumar daga bango, wata ƙura mai shekaru ta tashi ta cika ɗakin, ta fita ta ƙofarmu. Mami ta yaye zanen gado. Ni na hau gado ina rataye dardumar a bangon da ƙofarmu take, na bar gefe ɗaya a ɗage don in fita in na gama. Ina neman ƙusa ta ƙarshe sai na ji ƙofa ta rufu, sannan na ji kabad yana tafiya a ƙasa, da muryar Babi yana cewa, "Tura, Lume, tura! Kowa ya fito ko?" Mami ta ce, "Kowa ya fito."

Na so in yi kira. Na buɗe baki ma. Amma daga ɗaya ɓangaren na ji Si Bushaib yana ta rantsuwa cewa ba a ƙin shayi na biyu a ƙasarsu, da takun Sinyor Ottorino yana matsowa. Na saki darduma, na koma kan gado, na buɗe littafi a juye.

Ƙofar Si Bushaib ta buɗe. Da ya gan ni sai da tiren shayin ya yi ƙara a hannunsa.

"Wannan kuma wace ce?" in ji mai awo.

"Wannan? 'Yar ƙanwata ce. Zuwa take yi ta ɗumama wa tagwaye gado."

Sinyor Ottorino ya dube ni, karon farko tun da na san shi. "A gidan can ma akwai yarinya mai littafi."

"Sinyor, annoba ce," in ji Si Bushaib. "Duk unguwar nan ta kama. Kuma masu karatu ai kamarsu ɗaya, ba ka lura ba?"

Ya miƙo min bakin tef, na riƙe. Yana jan tef ɗin zuwa ɗaya kusurwar, ni ina tsaye jikin darduma, kunnena dab da ƙofarmu. Sai na ji shi. Ba tarin ba, tari ai kullum ne. Fiton nan siriri. Yana tahowa ta ƙasan ƙofa, kusa sosai, don Rudina ta saba zama a lungun kabad in tana nemana. Daga can nesa ina jin Mami da Babi a kicin suna gardama ƙasa-ƙasa a kan ko a yanka birek, wainar ƙasarmu, yanzu ko a jira, ga famfo a buɗe. Ba su ji ba. Fiton ya ƙara sirancewa, ya fara tsallake numfashi.

Na san abin da zai biyo baya in na motsa. Tagwayen Si Bushaib, da takardarmu da tawadarta ba ta bushe ba, da duk wanda zai zo benen nan bayanmu yana bukatar ɗaki. Na tsaya da tef a hannu ina fata ya yi sauri ya gama. Shi kuwa ya tsaya yana goge tabarau.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na saki tef ɗin, ya ruga ya doki yatsansa, na fizge darduma, na dunƙule hannu na hau dukan ƙofa.

"Mami! Rudina! Babi, ka janye kabad! Mami!"

Kan ka ce kwabo kabad ya koma gefe. Rudina na tsugune, leɓenta ya sauya launi, kafaɗu na hawa da sauka. Mami ta sure ta tana cewa, "Zuciyar Mami, dube ni, dube ni." Babi ya yi waje neman motarsa, ya tuna wani ya are ta. Sinyor Ottorino ya ajiye jakarsa ya ce, "Tawa tana ƙofa. Ku taho." Haka motar ofis, wadda aka haɗa mu rana ɗaya don kada ta sha mai, ta kwasa a guje zuwa sashen gaggawa da mai awo da Mami da Rudina.

Mu da muka rage muka tsaya a cikin ɗakin aro, ƙofofi biyu a buɗe, kana hango murhunmu daga gadon Si Bushaib. Si Bushaib ya zuba shayi ya miƙa wa Babi, Babi ya karɓa.

Da la'asar suka dawo. Rudina na barci a kafaɗar Mami, numfashinta lafiya lau, da sitika a goshi. Sinyor Ottorino ya shigo ɗaukar jakarsa, ya zauna a ƙaramin gadon har ya yi ƙara.

"Ɗakin nan," in ji shi, "tun ina da gashi nake auna shi. Na san shi fiye da ɗakin kwanana. 'Yar tsanar can ma da idonta biyu na san ta. Ban taɓa ganin ƙofa biyu ba, don ba a taɓa nuna min ba. Yau an nuna min. Yanzu gida ɗaya kawai zan iya ba wa. Ku zaɓa."

"A ba maƙwabci," in ji Babi, ya buga ƙirji. "Yaransa biyu ne. Ba za a ce ɗan Albaniya ya ci aro ya hana mai shi ba."

Mami ta yi masa wani kallo da ya isa ya kankare sauran filastar.

"Wallahi ba zan karɓa ba," in ji Si Bushaib. "Nawa suna can suna shan iskar teku, ƙirjinsu kamar ganga. Taka ce ba ta da lafiya."

"Ka raina ni ne, mai kifi?"

"Kai ka raina ni, mai cin bango!"

"To a raba biyu," in ji Mami.

Mai awo ya yi lissafi a bayan hannunsa. Ya ce in an raba, mu za mu zama mutum uku da rabi da kafaɗa, Si Bushaib kuma zai iya kawo matarsa da tagwai ɗaya. Sai gardama ta koma kan wanda ya fi wani karamci, har Babi ya fara tuɓe kwat. Sinyor Ottorino ya ɗauki jakarsa ya ce yana mota, in sun gama kashe juna wanda ya rage ya same shi.

Na bi shi. Ba wanda ya ga fitata. Na same shi a bakin ƙofar bene yana tsotsar yatsan da tef ya doka.

"Sinyor," na ce. Sai da na maimaita. "Ranar farko ka ce ko a ƙara gida, ko a rage mutum."

"Na ce."

"In mutum ɗaya ya koma wani gida fa? Mai shekara sha takwas."

"Wane gida?"

Na nuna sama. Sinyora Nerina ta daɗe tana cewa idonta ya mutu, tana son mai karanta mata labarai. Ba ta san sunana ba, Kilara take kirana, sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haifi Babi, amma tana ajiye min biskit.

Ya dubi sunayen da ke jikin ƙararrawa. "Sai ta yarda ta sa hannu. Sai kin je ofis kin sauya adireshi da kanki, ki yi magana da ƙarfi yadda za su ji. Kuma ɗan sandan gari zai zo ya duba ko da gaske a can kike kwana. Ba aro ba ne wannan."

"Na sani."

Muka hau tare. Sinyora Nerina ta saurara da Baroni a cinya. Ta ce, "Kilara, ai tun tuni nake cewa ki dawo gida, taurin kai ne da ke." Ta sa hannu a inda ya nuna mata. Ta ce ɗakin da ke kallon layin dogo nawa ne, amma kujerar taga ta Baroni ce.

Sinyor Ottorino ya sauko ya tarar da Babi da Si Bushaib kowa ya riƙe kwalar ɗan'uwansa yana roƙonsa ya karɓi ɗaki. Ya miƙa wa kowa takardarsa. Si Bushaib, ɗakin aro nasa ne. Mu kuma, gidan ya ishi mazaunansa: mutum uku. Ya ce ranar Litinin a kai ofis, sauran bayani yarinyar za ta yi. Ya tafi.

Babi ya karanta, ya ƙirga da yatsa. Shi, Mami, Rudina. Ya dubi takarda, ya sake ƙirgawa, sai idonsa ya faɗo kaina, ya zaro.

"Shiru!" in ji shi cikin raɗa. "Kada wanda ya yi tari. Ya manta da Farfesa! Lume, kin gani? Mutumin da ya yi karatu, ya kasa ƙirga huɗu!"

"Wa zai ga laifinsa," in ji Si Bushaib. "Kai da ka haife ta ma ka rufe ta da kabad."

Bari in faɗa muku tun yanzu, don ni ma ba na son littafin da ke barin mutum da damuwa: Rudina ta samu likitarta kafin sanyi ya fita. Mace ce mai 'yan kunne kamar cokali, ta rubuta mata abin shaƙa mai launin ruwan lemo, ta kuma ce a fitar da ita daga gida mai danshi. Babi ya ce zai duba. Ya riga ya fara mayar da filasta.

A yammacin ranar dai aka yanka birek na alayyahu da cuku, Si Bushaib ya soya kifi da ƙofofi biyu a buɗe, ba wanda ya yi ƙorafin wari. Babi ya fara ba da labarin yadda ya rikita mai awo da dabara. Na san dole in yi musu bayani, na san Mami za ta yi kuka ta ce me mutanen ƙauye za su ce, ko da yake matakala goma sha wani abu ne kawai tsakaninmu. Na bar wa gobe.

Na shiga ɗakinmu. Rudina ta farka, ta baje a tsakiyar gado, hannu nan ƙafa can, ta cinye wurin mutum guda cif. Na sa kunne a bayanta. Iska na shiga, iska na fita, babu fito.

"Ina za ki da littattafai?" in ji ta.

"Sama. Zan riƙa saukowa."

"Ki gaida Baroni. Ki ce masa na fasa zama kyanwa."

Na ɗaure littattafan da bel ɗin rigar sanyina, na riƙe takalmana a hannu. A falo Babi ya kai wurin da ya ce wa mai awo gidan ne ke da kunya, kowa na dariya, Mami na goge ido da gefen ɗankwali. Na bi ta bayan kujerarsa, na ɗauki yanki ɗaya na birek, na ja ƙofa a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba.